Babi na Shida: Hannu a Nan, Kwamfuta a Can

A watan Satumba na 1940 masana lissafi na Amurka suka yi taro a Kwalejin Dartmouth da ke jihar New Hampshire. George Stibitz, ma'aikacin cibiyar bincike ta kamfanin tarho na Bell, ya zo musu da wata na'ura mai kama da tafireta, irin wadda ake aika telegiram da ita, ya ce duk mai so ya zo ya buga lissafinsa. Mutum ya buga, a ɗan jima kaɗan, sai na'urar ta kama bugo amsa a takarda da kanta. Injin da ke yin lissafin kuwa yana can birnin New York, tazarar kusan kilomita 400, layin waya ne kawai ya haɗa su. Cikin masu kallo har da John Mauchly, ɗaya daga cikin mutum biyun da suka jagoranci ƙera kwamfutar ENIAC bayan 'yan shekaru.

Ke nan tun kafin a samu abin da mu yau za mu kira kwamfuta, an riga an raba hannun mai aiki da injin da yake sarrafawa. Haka kuma aka ci gaba shekaru da dama, don kwamfuta a lokacin abu ne mai cika ɗaki, mai tsadar gaske, jami'a guda ko ma'aikata guda ita ke da ɗaya. Kowa yana zaune a ofishinsa da madannai da allo marasa ƙwaƙwalwa, yana tura haruffa, haruffa suna dawo masa. Da aka fara haɗa kwamfutoci da juna a 1969, cikin abubuwan farko da aka ƙirƙira akwai Telnet, hanyar da mutum zai shiga kwamfutar wani gari ya ba ta umarni a rubuce. Aibinta shi ne komai a fili yake tafiya, har kalmar sirri. Sai a 1995, bayan an yi ta satar kalmomin sirri a jami'arsu ta fasaha da ke Helsinki, wani ɗan ƙasar Finland mai suna Tatu Ylönen ya rubuta SSH, wadda ke kulle saƙon kafin ya hau hanya. Har yau da ita ake kula da mafi yawan manyan kwamfutocin da ke ɗauke da shafukan intanet.

Ƙaramar kwamfuta ta kan tebur ce ta sauya lissafin. Da ta yaɗu a shekarun 1980, kowa ya samu tasa, amma kuma aikin kowa ya maƙale a teburinsa. Ka tashi daga ofis ka bar takardunka a cikinta, ka isa gida ka tuna da wata, babu yadda za ka yi sai gobe. Sannan allo ya daina zama haruffa zalla: ga tagogi, ga hotuna, ga kibiyar da ke bin linzami. Manhajoji irin su Carbon Copy da pcAnywhere sun yi ƙoƙarin cike wannan giɓi ta layin tarho, a hankali kamar tafiyar hawainiya, kuma sai kwamfutocin biyu sun zama iri ɗaya.

Mafitar da ta fi burge ni daga birnin Kambirij na Ingila ta fito, a wata cibiyar bincike da kamfanin Olivetti na Italiya ya kafa, daga baya Oracle ya shigo, ƙarƙashin jagorancin Andy Hopper. Mutanen wurin suna da wani buri: ma'aikaci ya shiga kowane ɗaki, allon da ya fi kusa da shi ya nuno masa aikinsa daidai inda ya tsaya. Har wani ɗan baji suke rataya wa a ƙirji wanda ke sanar da ginin inda kowa yake. Daga wannan buri Tristan Richardson da abokan aikinsa, irin su Andy Harter da Quentin Stafford-Fraser, suka samar da VNC, suka sake ta kyauta ga duniya a 1998. Shi Stafford-Fraser ɗin nan yana cikin waɗanda suka ɗora kyamara a gaban tukunyar kofi a Jami'ar Kambirij a 1991 don kada mutum ya sauko bene ya tarar babu komai a ciki, kyamarar da ake lissafa ta a matsayin ta farko da ta hau intanet. Mutane ne da ba sa son tashi daga kujera a banza, kuma duniya ta ci moriyar hakan.

Hikimar VNC ita ce ba ta damu da sanin abin da kwamfutar can take yi ba. Ba ruwanta da ko wasiƙa ake rubutawa, ko lissafin albashi ake yi, ko Windows ce, ko Linux, ko Mac. Abu biyu kawai take ɗauka. Daga can zuwa nan, hoton abin da ke kan allo. Daga nan zuwa can, labarin cewa an danna harafi kaza, ko linzami ya matsa wuri kaza. Shi ke nan. Duk aikin yana can, fayiloli suna can, na'urar da ke hannunka madubi ce kawai da madannai. Shi ya sa tsohuwar kwamfuta mai rauni, ko wayar hannu, za ta iya sarrafa babbar kwamfutar da ta ninka ta ƙarfi sau ɗari.

Sauƙin faɗa ne, amma hoton allo kaya ne mai nauyi. Allon da aka fi amfani da shi yanzu yana da ɗigo 1,920 a kwance da 1,080 a tsaye, jimilla ɗigo 2,073,600. Kowane ɗigo yana cin bayit 3 don a san launinsa, wato hoto guda ya haura megabayit 6. In za a riƙa tura 30 a kowane sakan, kamar bidiyo, ana maganar megabayit 186 ke nan a sakan ɗaya, kuma datar gigabayit guda ba za ta kai sakan shida ba. Don haka ba a tura allon gaba ɗaya sai sau ɗaya, a farko. Daga nan sai abin da ya canja. Ka buga harafi, ɗan murabba'in da harafin ya fito a ciki kawai za a aiko. Ka ja taga daga hagu zuwa dama, ba a sake aiko hotonta, sai dai a ce wa na'urarka ta ɗauke abin da ke nan ta mayar can, tunda ta riga ta mallake shi. Inda fari ne zalla, a ce fari ne daga nan zuwa nan, ba sai an ƙirga ɗigo ɗaya-ɗaya ba.

Akwai kuma wata dabara da nake ganin ita ce ta sa tsarin ya yi tsawon rai. Kwamfutar can ba ta antayo hotuna yadda ta ga dama, sai na'urarka ta ce a ƙaro. In hanya tana da kyau, roƙon yana yawa, motsi ya tafi sumul. In sabis ya yi rauni, roƙon ya ragu, a tsallake abin da ya faru a tsakani, a aiko maka halin da allon yake ciki yanzu. Hoto zai riƙa tsalle, amma ba za ka zauna kana kallon abin da ya wuce tun minti biyu ba. Wanda ya taɓa aiki da sabis mai sanda ɗaya ya san darajar wannan.

Kamfanin AT&T ya sayi cibiyar a 1999, ya rufe ta a 2002, su kuma masu VNC suka kafa kamfaninsu, RealVNC, a shekarar. Da yake sun riga sun saki asalin rubutun manhajar, wasu sun ɗauka sun gina nasu, har tsarin raba allo na kwamfutocin Apple yana jin wannan yaren. Microsoft ta bi tata hanyar da RDP, wadda ta fito a 1998 bisa fasahar da ta samo daga kamfanin Citrix, ta kuma shiga hannun talakawa da Windows XP a 2001. Ita da yake 'yar gida ce, ta san cikin Windows, tana iya aiko umarnin zane maimakon hoto, ta ɗauko sauti, ta haɗa ka da na'urar buga takarda. Abin lura ga mai saye: Windows samfurin Home tana iya shiga wata kwamfutar ta RDP, amma ita ba a shiga cikinta, sai samfurin Pro zuwa sama.

Saura matsalar yadda kwamfutocin biyu za su gano juna, kuma nan ne abin ya fi shafar irinmu da yawancin intanet ɗinmu ta layin waya yake zuwa. Adireshin intanet na tsohon tsari bai wuce biliyan 4.3 ba, ya yi wa duniya kaɗan, don haka kamfanin sadarwa yakan tara dubban mutane a bayan adireshi guda. Kamar babban gidan haya ne mai ƙofa ɗaya da maigadi: in ɗan gida ya aika a kira masa wani, maigadi ya san da zancen, zai bar shi ya shigo, amma baƙon da ya zo haka kawai yana neman ɗaki kaza, a ƙofa zai tsaya. Kwamfutarka ta shago tana cikin irin wannan gida, wayarka tana cikin wani, babu mai iya ƙwanƙwasa wa wani.

TeamViewer, wadda aka fara a garin Göppingen na Jamus a 2005, a kan wannan ta yi suna. Kowace kwamfuta ita ke fita da kanta ta je ta yi rajista a uwar garken kamfanin, a ba ta lamba. Kai ma ka fita ka je can ka ambaci lambar, sai a haɗa ku, tunda kowa daga cikin gidansa ya fara aikawa, maigadi ba zai hana amsa shigowa ba. AnyDesk, wadda wasu tsofaffin ma'aikatan TeamViewer suka kafa a Stuttgart a 2014, haka take, haka ma Chrome Remote Desktop ta Google. Abin da da sai ƙwararre ya yini yana saita shi, yanzu ya koma karanta wa mutum lamba tara ko goma a waya.

Ba na raina wannan ci gaba ko kaɗan. Mai kantin magani a ƙaramin gari wanda manhajar lissafin kayansa ta tsaya, da sai ya rufe kanti ya ɗauki kwamfuta a mota zuwa birni, ko ya biya kuɗin motar mai gyara da na abincinsa. Yanzu kafin shayi ya huce an gama. Ɗalibar da ke karatu a wata ƙasa tana iya cike wa mahaifinta fom yana zaune yana kallo, tana cewa, "Baba, kada ka taɓa komai, ka ga kibiyar tana tafiya? Ni ce." Malamin da ke koyar da lissafin kuɗi a kwamfuta yana iya kama hannun ɗalibi daga nesa ya nuna masa inda ya kauce. A 2020, da annobar korona ta rufe ofisoshi, miliyoyin ma'aikata a duniya ta wannan hanya suka ci gaba da cin abinci.

Sai dai nisa yana nan, ba a kashe shi ba. Haske a cikin wayar gilashi yana tafiyar kimanin kilomita 200,000 a sakan. Wayar MainOne da aka shimfiɗa a ƙarƙashin teku a 2010, daga Legas zuwa Fotugal, tsawonta kusan kilomita 7,000 ne, zuwa da dawowa ya cinye kashi 70 cikin 1,000 na sakan tun kafin a lissafa tafiyar ƙasa da tsaye-tsayen hanya. In haɗin ya bi ta uwar garken da ke Turai, to mai gyara a Kano da kwamfuta a Katsina sai saƙonsu ya je can ya dawo. Wannan jinkirin, ba ƙarancin data ba, shi ke sa kibiya ta riƙa biyo hannunka a baya. Ranar 14 ga Maris 2024 kuwa, da wayoyi huɗu na ƙarƙashin teku suka lalace a gaɓar Kodebuwa, ƙasashen Afirka ta Yamma da dama sun ga yadda aiki daga nesa ke tsayawa cik. Ga kuma wuta: kwamfutar da za a shiga dole tana kunne. Akwai tsarin tayar da ita da saƙo na musamman ta waya, amma wadda aka ɗauke wa wuta babu saƙon da zai tashe ta, sai inbata ko sola.

Yanzu ga abin da ya sa na ba wannan batu babi guda. Kwamfuta ba ta san hannun wa ke kan linzami ba. Umarnin da ya zo daga madannan da ke gabanta da wanda ya zo daga wata nahiya, duk ɗaya ne a wurinta. Duk abin da kake iya yi, wanda ka bari ya shigo yana iya yi: ya buɗe hotunan iyalinka, ya karanta wasiƙunka, ya shiga asusun bankin da ka bari a buɗe, ya saka wata manhaja ya tafi.

Ranar 23 ga Disamba 2015, a yankin Ivano-Frankivsk da ke yammacin Yukiren, ma'aikacin kamfanin rarraba wutar lantarki yana zaune a ɗakin kula da tashoshi sai ya ga kibiya ta kama tafiya da kanta. Tana zuwa ta danna makunnin wata tasha, ta kashe, ta amsa tambayar tabbatarwa, ta wuce ta gaba. Ya kama linzaminsa, ya ƙi jin maganarsa. Aka fitar da shi daga tsarin, aka canja kalmar sirrinsa. Kamfanoni uku aka yi wa haka a rana ɗaya, masu amfani da wuta kimanin 225,000 suka shiga duhu cikin tsananin sanyi, wasu har awa shida, sai da ma'aikata suka bi tashoshin da mota suna mayar da wuta da hannu. 'Yan kutsen sun shiga tun watanni kafin nan ta wasiƙun imel masu ɗauke da fayil mai guba, suka zauna shiru suna tattara kalmomin sirri. Ranar aikin kuwa, hanyoyin shiga daga nesa da kamfanonin suka tanadar wa ma'aikatansu suka bi. A 2020 Amurka ta tuhumi wasu jami'an leƙen asirin sojan Rasha shida da wannan da wasu hare-haren.

Ba sai kana da tashar lantarki za a neme ka ba. RDP tana sauraro ne a ƙofa mai lamba 3389, VNC a 5900, kuma dare da rana akwai injuna da ke zagaye intanet suna taɓa waɗannan ƙofofi, in sun ji a buɗe su kama gwada kalmomin sirri dubu-dubu. Ta nan masu kulle fayilolin mutane su nemi kuɗin fansa suka shiga asibitoci da makarantu da ƙananan kamfanoni masu yawa. A watan Mayu 2019 aka gano wani rami a RDP, wanda aka laƙaba wa BlueKeep, da ke bari a shiga ba tare da kalmar sirri ba ma. Ya yi munin da sai da Microsoft ta fitar da gyara har ga Windows XP, wadda ta daina kula da ita tun 2014. Tsohuwar VNC kuma haruffa takwas na farko kawai take dubawa a kalmar sirri, komai tsawon da ka ba ta. Ra'ayina a nan ba shi da kwana: kada a buɗe ɗaya daga cikin ƙofofin nan kai tsaye ga intanet. A sa su a bayan VPN ko a bi da su ta cikin SSH.

Amma wanda ya fi ci mini rai shi ne wanda ba a fasa komai, mai gida ne ke buɗewa da hannunsa. Waya ta yi ƙara, murya mai ladabi ta ce daga banki ne, ko daga Microsoft, an ga matsala a asusunka, ko kuma akwai kuɗin da za a mayar maka. A ce ka sauke wata 'yar manhaja don a taimaka maka, ka karanto lambar da ta fito. Daga nan sai a sa ka shiga shafin bankinka, a baƙanta maka allo na ɗan lokaci, a canja alƙaluman da ke jikin shafin, abin da duk mai ɗan sani zai iya yi ba tare da kwabo ya motsa ba. Allo ya dawo, ka ga kamar an turo maka ninki goma na abin da aka ce. Sai murya ta koma kuka: kuskure na yi, za a kore ni daga aiki, don Allah ka mayar da ragowar. Mutumin kirki, mai tsoron cin haƙƙin wani, shi ne ke faɗawa, ya tura kuɗinsa na gaske. Da amanarsa aka kama shi, kuma wannan ne ya sa ba na jure jin ana kiran irin waɗannan mutane wawaye.

Hukumar FBI ta Amurka ta ce a 2023 kaɗai asarar da ke cikin ƙorafe-ƙorafen da ta karɓa kan damfarar masu shigar ma'aikatan gyara ta haura dala miliyan 900, kuma tsofaffi ne suka fi asara. Babban bankin Indiya ya gargaɗi bankuna tun a watan Fabrairu 2019 cewa ana amfani da AnyDesk wajen kwashe kuɗin mutane ta wayar hannu. A waya abin ya fi sauƙi ma, don lambar sirrin nan ta sau ɗaya da banki ke turowa, wadda kullum ake ce mana kada mu faɗa wa kowa, ba sai ka faɗa ba, yana ganinta a allonka lokacin da ta shigo. A 2024 Microsoft ta bayyana cewa wasu na amfani da Quick Assist, wadda ke zuwa a cikin Windows, suna yin irin wannan ga ma'aikatan kamfanoni. Manhajojin ba na ɓarayi ba ne, halastattu ne, shi ya sa manhajar kariya ba ta cewa uffan.

Ƙa'idar da nake bai wa 'yan uwana ɗaya ce: wanda ya kira ka ba ya shiga, sai wanda kai ka kira, a lambar da ka sani tun da. Banki ba ya buƙatar ganin allonka. In ka bar mai gyara ya shiga, rufe shafin banki da akwatin wasiƙa tukuna, ka zauna kana kallo har ya gama. Allo ya yi baƙi ko linzami ya daina amsa maka ba tare da an gaya maka dalili ba, kashe intanet ɗin nan take, ko ka danne makunnin kwamfutar har ta mutu.

Rabin nauyin kuma yana kan masu gyara, kuma da su nake magana kai tsaye, don da yawansu ne za su karanta wannan littafi. Manhajojin nan suna da saiti biyu: wanda sai mai kwamfuta ya danna amincewa kowane lokaci, da wanda ake sa kalmar sirri ta dindindin a shiga ko ba kowa a wurin. Na biyun yana da amfani ga kwamfutar ofis da ake kula da ita da dare. Amma saka shi a kwamfutar mutum ba da saninsa ba cin amana ne, ko da niyyarka sauƙaƙa wa kanka aiki ce. Sa kalmar sirri guda ga duk kwastomominka kuma yana nufin ranar da aka sace wayarka, ko yaron shagonka ya bar aiki da fushi, an samu hanyar shiga wurinsu gaba ɗaya. Kamfanonin kansu ba su tsira ba: a farkon 2024 AnyDesk ta sanar cewa an kutsa cikin tsarinta, ta soke kalmomin sirrin shafinta, ta nemi kowa ya sauke sabon samfuri, kuma a watan Yunin shekarar TeamViewer ta ce an shiga kwamfutocin ofishinta. Don haka ka kunna tabbatarwa mai mataki biyu a asusunka, ka taƙaita na'urorin da aka yarda su shigo, ka riƙa sabunta manhajar. In ka gama aiki a kwamfutar da ba kai ke kula da ita kullum ba, cire manhajar a gaban mai ita, ka nuna masa jerin manhajojin da ke ciki ya gani da idonsa cewa ta fita.